Yadda Ake Amfani da Kalmar "OK" a Turanci

Kalmar "OK" ta fara bayyana ne a jaridar Boston Morning Post ta Amurka a shekarar 1839, a matsayin taƙaitawar "oll korrect", wato "all correct" da aka karkatar da rubutunsa da gangan don raha. Idan kana son nuna amincewa, ka faɗe ta ita kaɗai. Idan kuwa lafiyarka aka tambaya, tana nufin kana nan ƙalau. Sai dai ka kula, domin idan ka ce aikin wani "OK" ne, mai jin Turanci zai ɗauka cewa ba yabo ba fallasa kake nufi. A wasiƙar neman aiki ko takardar hukuma, gara ka guje mata, ka rubuta "acceptable" ko "approved".