Yadda ake gyara gargaɗin GCC a manhajar matse bidiyo

GCC manhaja ce da ke harhaɗa lambar C ta zama shiri. Kafin ka taɓa komai, matse ɗan gajeren bidiyo, ka fitar da sawun kowane firam (lambar tantance shi) da `-f framemd5` na FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, ka ajiye. Da shi za ka gane ko gyaranka ya ɓata hoto.

Harhaɗa lambar da `-O2 -Wall -Wextra`, ka zuba gargaɗin cikin fayil: `make 2> gargadi.txt`. Kar ka fara da `-Werror`, mai mayar da gargaɗi kuskure, zai tsayar da aikin tun da wuri.

Gargaɗin da ya fi cin mutane shi ne `-Wsign-compare`, na kwatanta lamba mai iya sauka ƙasa da sifili da wadda ba ta iya. Tazarar layin hoto, wato `linesize` a AVFrame (tsarin da FFmpeg ke ajiye firam a ciki), `int` ce, kuma tana iya sauka ƙasa da sifili idan hoton a kife yake. Idan ka kwatanta ta da `size_t`, wadda ba ta sauka ƙasa da sifili, sai -1920 ta rikiɗe ta zama ƙatuwar lamba, sharaɗin ya juye, shirin ya shiga karanta ƙwaƙwalwar da ba tasa ba. Wasu kan liƙa `(unsigned)` don gargaɗin ya yi shiru, amma ciwon yana nan daram. Mayar da ɓangarorin biyu `ptrdiff_t`.

`-Wmaybe-uninitialized`, gargaɗin cewa wataƙila an yi amfani da wani abu kafin a ba shi ƙima, yakan yi kuskure, amma bi kowane reshen `switch` tukuna. Sau da yawa `default` aka manta.

Idan ana kukan `avcodec_encode_video2` ya tsufa, koma `avcodec_send_frame` da `avcodec_receive_packet`, waɗanda suka zo a FFmpeg 3.1, an cire tsohon a 5.0. A ƙarshen bidiyo tura NULL wa `avcodec_send_frame`, in ba haka ba firam ɗin da suka maƙale ba za su fito ba.

Gyara nau'i ɗaya a lokaci guda, sake fitar da framemd5, ka kwatanta da na farko.