Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Shirya Zuciyarta Kafin Ranar Naƙuda

'Yar'uwa cikin Almasihu, idan watan haihuwa ya kama kika ga barci yana gagarar ki saboda fargaba, kada ki ɗauka bangaskiyarki ce ta yi rauni. Dawuda ma ya ce a Zabura 56:3 ranar da tsoro ya kama shi, ga Allah zai dogara. Saboda haka ki fara da faɗa wa Ubangiji ainihin abin da yake damun ki, ko tsoron ciwo ne, ko na tiyata, ko kuwa tunanin wata da kika sani wadda ta tafi haihuwa ba ta dawo ba.

Sai ki zaɓi aya ɗaya ko biyu ki haddace tun yanzu, domin idan naƙuda ta kankama ba za ki iya buɗe Littafi Mai Tsarki ba, doguwar addu'a ma sai ta gagara. Zabura 121 tana tuna mana cewa mai tsaron mu ba ya gyangyaɗi, ba ya barci, wannan kuwa babbar ta'aziyya ce ga wadda ciwo ya taso mata da tsakar dare. A Yahaya 16:21 Yesu da kansa ya yi zancen mace mai naƙuda, ya yarda cewa wahala ce, sa'an nan ya ce murnar ganin jaririn takan mantar da ita azabar. Na taɓa kwana gefen gadon wata ƙanwata wadda ta rubuta ayarta a bayan katin awon ciki. Da ciwon ya tsananta ta kasa magana, ni na riƙa karanta mata a kunne, tana damƙe da hannuna, tana jan numfashi a hankali har ya lafa.

Abin da nake so in fi jaddadawa shi ne dogara ga Allah ba ya hana zuwa asibiti. Ya kan ba ni takaici idan na ji an ce wa mace ta zauna gida ta yi ta addu'a, wai yarda da tiyata alamar rashin bangaskiya ce. A Fitowa sura 1, ta hannun ungozoma biyu, Shifra da Fu'a, Allah ya kuɓutar da jariran Ibraniyawa, ya kuma sa musu albarka. Ki riƙa zuwa awo a kan lokaci. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. Idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko jijjiga, ko motsin jariri ya ragu, ki yi addu'a kina kan hanyar asibiti. Doguwar naƙuda a gida ita ce take jawo wa mata da yawa yoyon fitsari, kuma kunyar haihuwar fari bai kamata ta sa ki ɓoye ciwo ba. Ki zauna da maigidanki ku tanadi kuɗi, ku san motar da za ta kai ki ko da dare ne, da wanda zai ba da jini idan an nema.

Kada kuma ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Maryamu ta tafi wurin Alisabatu ta zauna da ita kamar wata uku. Ki nemi uwa ɗaya a Zumuntar Mata ta ikilisiyarku, mai natsuwa da rufin asiri, wadda za ki iya kira kowane lokaci, ki kuma guje wa masu ba da labaran ban tsoro da sunan jaje.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa Rahila ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu ba, don haka ba zan ce miki mai bi ba ta gamuwa da wahala ba. Alkawarin da ke Ishaya 41:10 shi ne Allah yana tare da ke, zai ƙarfafa ki, zai riƙe ki da hannun damansa. Ki sa ayarki a jakar kayan haihuwa tare da zannuwa da katin awo, ki ajiye ta kusa da ƙofa. Allah ya sauke ki lafiya.