Yadda za ka samu ɗaki mai sauƙi idan IT ta kai ka Abuja

Duk wanda ya yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai da ake kira IT, a Abuja ya san samun ma'aikatar da za ta karɓe ka ma ya fi samun wurin kwana sauƙi. Ɗan jami'a wata 6 zai yi, ɗan poli wata 4, shi kuwa mai gida kuɗin shekara yake so cur, ga la'adar dillali kashi 10, ga kuɗin yarjejeniya, ga wani wai na ajiya ko za ka fasa masa abu. Alawus ɗin ITF, hukumar da ke kula da shirin, kam kar ma ka sa shi a lissafi, sau da yawa sai an gama yake zuwa.

To da farko cire Wuse da Garki da Maitama a ranka. Duba inda ofishinku yake sai ka nemi gefen garin da ya fi kusa. In Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ce ko Asokoro, nemi Nyanya, Karu ko Mararaba, in ta wajen Gwarimpa ne ga Kubwa da Dutsen Alhaji, in hanyar filin jirgi ce Lugbe. Amma fa ka haɗa kuɗin ɗakin da kuɗin mota na wata shida kafin ka ce ka samu araha, don Mararaba a jihar Nasarawa take, ɗaki da sauƙi gaskiya, sai dai cunkoson safe daga can zuwa shataletalen AYA da ke Asokoro, in ba ana idar da asuba ka fito ba, ka makara kawai.

Sai cigiya, tun kana gida za ka fara. 'Yan'uwa, 'yan garinku, 'yan sashenku da suka yi IT bara, kowa ya ji. Abin da za ka nema shi ne ragowar haya, wato ɗan bautar ƙasa da ya gama ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki alhali kuɗinsa bai ƙare ba, ka biya shi watannin da suka rage ka shiga, wani har katifa zai bar maka. Ni a ganina babu dabarar da ta kai wannan. Sai dai dole ya kai ka gaban mai gida ko mai kula da gidan a yi da saninsa, in ba haka ba wata rana ka dawo ka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa. In ka sauka garin kuma tambayi mai shayi da maigadi da mutanen masallacin unguwa, sun riga dillali sanin ɗakin da aka tashi. 'Yan mata dai zama gidan 'yan'uwa ya fi, ko su haɗu su biyu su uku.

Kar ka tura ko sisi kan hoton da ka gani a Facebook. Je da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba: akwai ruwa ko sai 'yan garuwa, mitar wuta guda nawa ce kuma mutum nawa ke kanta, ruwa na shiga da damina? In ka ga jan fenti a bango juya abinka, alamar rusau ce.

Ranar biya ka karɓi rasit ɗauke da ranar shiga da ta fita, ka ɗauki hoton ɗakin da wayarka saboda kuɗin ajiyar nan. Kaya kuma katifa, bokiti, ƙaramin gas, sun isa, ranar tafiya ka sayar wa ɗan IT mai zuwa.