Maganin ciwon fata da hasken UV: yadda ake yi da abin da za ka kiyaye

Duk wanda ka ce ma ana maganin ciwon fata da haske a nan Maradi, abin da zai fara ce maka shi ne to mu da rana ke gasa mu tun Maris har Mayu ai da tuni kowa ya warke. Eh, hasken UV, wato wani haske da ido ba ya gani, yana cikin rana, amma ita rana haɗa komi take ta zubo maka ba awo ba lissafi. Injin asibiti ɗan yanki guda kawai yake fiddawa, wanda ake kira UVB siriri, kuma auna shi ake da sakan-sakan. Abin ba sabo ba ne fa, tun 1903 wani likitan Danmak mai suna Niels Finsen ya samu kyautar Nobel saboda maganin tarin fuka na fata da haske. Aikin da hasken ke yi shi ne ya kwantar da garkuwar jikin da ta rikice take faɗa da fatar mai ita, ya kuma rage saurin da fata ke yi wajen hayayyafa.

Kafin komi, a san sunan ciwon. Wannan shi ne inda mutanenmu suka fi yin asarar kuɗi da lokaci. Hasken yana aiki kan soriyazis, wato wannan mai kauri mai ɓamɓaroki fari-fari a gwiwa da gwiwar hannu da kai, yana aiki kan kirci mai taurin kai, da fararen tabon nan da ake ce ma albaras, har da ƙaiƙayin da ke damun masu ciwon ƙoda. Amma ba ya maganin ƙazwa, ba ya maganin makero ko ƙyasbi, waɗannan magungunansu daban ne kuma suna nan a farmasi. In kuma tabo ya yi haske kuma in an taɓa wurin da ɗan auduga ba ka ji, kar ka tsaya neman wani inji, ka tahi a duba ka don kuturta na farawa haka, ga asibitin Danja nan kusa da mu sun daɗe kan wannan aiki, kuma maganin kuturta kyauta ake ba da shi. Saboda haka lokotoron fata za ka nema, shi zai ce ko haske ya dace da kai, shi ne kuma zai faɗa maka inda za a tura ka, don injin ba a kowane asibiti yake ba.

Ranar randebu ka tahi da karnenka da duk abin da kake sha ko shafawa, ka zuba a leda ka kai gabansa, har na gargajiya. Akwai magungunan da ke sa fata ta ƙi jure haske, kamar doksisiklin da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Ƴan uwa mata, in kina shafa man bilicin ki faɗa, ba wurin jin kunya ba ne, yawancinsu na sa fata ta yi laushi ta sirance. Wanda ke da ciwon lufus, wato ciwon da garkuwar jiki ke faɗa da jikin mai ita, ko aka taɓa samun shi da kansar fata, da zabiya, ba a sa su cikin wannan inji.

Injin kansa wani ɗan ɗaki ne da kake shiga tsaye, dogayen ƙwayayen fitila sun kewaye ka ta ko'ina, akwai kuma ƙarami na hannu da ƙafa kawai. Za a ba ka tabarau na musamman, kar ka cire shi sai in an ce ka cire, namiji kuma dole ya rufe gabansa. Shigar farko za ta ba ka dariya, ka biya kabu-kabu ka zo ka cire kaya, kafin ka gama gyara tsayuwa an kashe fitila an ce fito, wani lokaci ko minti guda ba ta kaiwa. Haka ake farawa. Kowane zuwa ana ƙara kaɗan gwargwadon yadda fatarka ta karɓa, har a kai mintoci. Sau 2 ko 3 a mako ake yi, ana barin kwana a tsakani.

Ga wani abu da ba kowa ke lura ba. Kayan da ka rufe jiki da su ranar farko, irin su za ka riƙa sawa kullum. In ka saba shiga da gajeren wando mai kai gwiwa, ran nan ka zo da wanda bai kai ba, wannan ɗan wurin da bai taɓa ganin hasken ba zai sha awon da sauran jiki ya yi makonni kafin ya saba da shi, sai ƙuna. Haka aski, haka sabon kitso da ya buɗe ƙeya, faɗa ma mai kula da injin kafin ka shiga. Ranar zuwa kar a fesa turare a fata, kar a lafta mai mai kauri, bari sai an fito sannan a shafa man kaɗe ko basilin, musamman lokacin hunturu da fata ke tsagewa da ma.

Mu baƙaƙen fata ja ba ya nunawa sosai, don haka kar ka jira ganin ja. Abin da za ka bi shi ne ji, in daren ranar ko washegari wurin na zafi ko raɗaɗi in riga ta goge shi, ka faɗa kafin shiga ta gaba a rage. In ya yi ƙuraje masu ruwa kuwa, a dakata sai lokotoro ya gani. Fata za ta ƙara duhu, wannan ba komi, tana komawa bayan an gama.

Sai haƙuri, nan ne da yawa ke karaya. Mai soriyazis yakan buƙaci shiga 20 zuwa 30. Albaras ya fi ja, watanni ne, aƙalla 3 zuwa 6 kafin a ce ya yi ko bai yi ba, kuma launin ba ya dawowa gaba ɗaya lokaci guda, ɗigo-ɗigo baƙi yake farawa a gindin gashi cikin farin tabon, su yi ta faɗi har su haɗe. Fuska da wuya sun fi karɓa, yatsu da ƙafa kam sai a hankali, wasu ma ba sa yi. Ni a ganina in ka san damina za ta riƙe ka a gona ko kuɗin mota ba zai kai ba, gara ka jinkirta farawa da ka fara kana tsallakewa, don in ka yi fashi rage awon ake, in fashin ya yi tsawo a koma farko.

Akwai wani nau'in da ake kira PUVA, ana shan ƙwaya kamar awa 2 kafin a shiga hasken UVA, wani yankin UV daban da UVB, kuma bayan an sha dole a sa tabarau mai tare UV na awa 24 saboda ido. Mai ciki ba a ba ta wannan, kuma yawan yin sa na ƙara haɗarin kansar fata, shi ya sa ake ƙidaya kowace shiga a rubuce. UVB siriri ya fi shi sauƙi, har mai ciki ana iya yi mata in lokotoro ya yarda.

Fitilun da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da sunan UV kuwa, a yi hattara. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta UVC ce, wani yankin UV daban, ƙona fata da ido take. Ta duba jabun kuɗi da ta busar da farce ba sa maganin komi. Kuma don Allah a daina matsa lemun tsami a tabo a zauna rana, ruwansa in ya haɗu da rana ƙuna yake yi ya bar tabon da ya fi na farko.