Kafin ku tafi zangon karatu a Mukono

'Yan'uwa ɗalibai Kirista masu shirin yin zango ɗaya a Jami'ar Kirista ta Uganda da ke Mukono, kafin ku biya ko sisin kwabo, ku kai wa shugaban sashenku jerin darussan da za ku ɗauka can. Ya sa hannu, ya buga hatimi, cewa za a lissafa muku makin idan kun dawo. Kada ku yarda da alkawarin baki. Na san wadda ta dawo da sakamako mai kyau, amma dole ta maimaita zangon. Har yau abin yana ci mini rai.

Allurar rigakafin zazzaɓin shawara kuma ku yi ta da wuri. Katin shaidar allurar, mai ruwan ɗorawa, sai bayan kwana 10 da yin ta yake fara aiki, kuma ana neman sa a filin jirgin Entebbe. Ku saka shi cikin fasfo tun yau.