Yadda zaka hau dutse mai wahala ta hanyar zagaye ka sauko lafiya

Hanyar zagaye ita ce wadda zaka hau ta wani gefe, ka kai ƙololuwa, ka gangaro ta ɗaya gefen har ka dawo inda ka fara. Daɗinta baka maimaita hanya, wahalarta kuma gefen saukowar baka sanshi ba, gashi lokacin da zaka bishi ƙafa ta riga ta gaji.

Tun daga gida ake fara lissafi. Kar ka tsaya kan tsawon kilomita kawai, duba mita nawa za'a hau sama. Wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafi tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Kenan kilomita 15 mai hawan mita 1,200 awa 5 ne, kuma babu hutu a ciki, shi yasa ni nake ɗora awa biyu akai. Ka sauke taswira a waya don sabis yana ɗaukewa a can, ka faɗa wa wani inda zaka da lokacin dawowarka.

Sai ka zaɓi gefen da zaka fara. Ni dai shawarata ka hau ta inda yafi tsayuwa tun kana da ƙarfi, ka bar mai sauƙin don saukowa, gwiwa bata son gangara mai tsanani.

Kaya kuwa, takalmin da ka saba dashi mai riƙe ƙasa, sabo bororo zai maka, kuma ka yanke farcen ƙafa. Ruwa ka ƙiyasta rabin lita duk awa, abin ci mara nauyi, tocila ko da kana ganin da rana zaka dawo, sai rigar sanyi, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iska, in gumi ya jiƙa maka riga sai kaji kana rawar ɗari.

Ka fita da sassafe, ka yanke lokacin juyawa tun kafin ka fara, misali ƙarfe 12 in baka kai sama ba ka koma ta inda ka fito. Taku gajeru, a hankali, in haki ya hanaka magana to ka rage gudu. Zaka hango wani tudu ka ɗauka ƙololuwar ce, kana isa kaga wani a bayansa, kar ranka ya ɓaci haka dutse yake. Amma in hadari ya haɗo kaji tsawa, ka bar saman nan take, wannan babu jayayya. Haka in ka wuce tsayin mita 2,500 sama da matakin teku kaji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, maganinsa saukowa.

In ka kai sama ka ci abinci, ka huta kaɗan, sannan don Allah ka buɗe taswira ka tabbatar da hanyar saukowa kafin ka taka, don anan mutane ke bin wata hanya daban su ɓulla wani kwari. Ka ƙara ɗaure igiyar takalmi, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka dogara da sanda, inda tsakuwa ke zamewa ka taka a kaikaice, kuma ka bar tazara tsakaninka da na gabanka saboda duwatsun dake gangarowa.