Kurakuran da ke kashe labarin ban tsoro a ajin adabi

Duk shekara ana turo mana ɗalibai masu gwajin koyarwa, duk shekara kuma ina zaune a bayan aji ina kallon ɓarna iri ɗaya. Malami zai ɗauko gajeren labari mai sa tsigar jiki tashi, wanda zai hana ɗan shekara 15 jin ƙararrawar tashi, amma kafin minti 10 ya mayar da shi lami.

Babban kuskuren shi ne cika allo kafin a karanta labari. Ni ma na taɓa yin sa, kuma na ji a jikina. Shekarar da na fara koyar da "The Tell-Tale Heart", labarin da Edgar Allan Poe na Amurka ya fitar a 1843, inda wani mutum ke faɗa da bakinsa yadda ya kashe wani tsoho, daga baya bugun zuciya da yake ji ya sa ya tona asirin kansa, ina shiga aji na rattaba jigo, zubi da tsari, salo da taurari, kowanne da amsarsa. A gaban jigo na rubuta "alhaki kwikwiyo ne". Da na soma karatu sai wani yaro ya ce, "Malam, ai ka riga ka faɗa mana za a kama shi." Ranar gwaji kusan duk takardun jimlata suka dawo mini da ita, ba wanda ya kawo layi ko ɗaya daga labarin. Zango guda na yi asara.

Yanzu rufe ƙofa nake yi, in sa a ajiye biro, in karanta da bakina a hankali. Idan na kai inda 'yan sanda uku suka zauna hira a ɗakin da aka ɓoye gawar tsohon ƙarƙashin katakon daɓe, sai in yi shiru. Tambayata ɗaya ce: a wane layi gabanka ya faɗi? Kowa ya nemo nasa ya ɗora yatsa a kai. Su da kansu ke gano cewa mai kisan ya ɗauki awa guda kafin ya gama zura kai kawai ta ƙofar ɗakin tsohon, dare bakwai yana haka, kuma jan ran nan ne ya tsorata su tun kafin a zo kisan. Sai a lokacin nake cewa, to, abin da kuka gano ɗin nan sunansa salo.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, wato gaskata mai ba da labari. Haba malam! Mutum ya buɗe baki yana nanata cewa shi ba mahaukaci ba ne, ya ce yana jin abin da ke faruwa a sama da ƙasa, ya ce yana son tsohon, bai taɓa cutarsa ba, dukiyarsa ma ba ta dame shi ba, idonsa mai kama da na ungulu ne kawai ya sa ya kashe shi, kai kuma ka tsaya gaban yara kana cewa zuciyar gawa ce ke bugawa? Wa ya ji bugun ban da shi? 'Yan sandan hirarsu suke yi suna murmushi. Ni nakan raba allo gida biyu: abin da ya faɗa game da kansa, da abin da ya aikata. Wata yarinya ce ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, anya ba tasa zuciyar yake ji ba?" Na fi jin daɗin wannan tambayar a kan duk makin da aka ci a shekarar. Kuma ku daina ce wa yara mai kisan ɗan tsohon ne ko baransa. Labarin bai faɗi dangantakarsu ba, ko sunansa bai ambata ba.

Sauran ƙanana ne. Kada tarihin marubuci ya cinye rabin darasi, layi biyu sun isa. Kada a nuna fim kafin karatu. Idan hira ta karkata zuwa aljanu da mayun unguwa, ka bar su minti biyu su fitar da abin da ke ransu, sannan ka ce a koma shafi.

Akwai abin da nake bincikawa tun kafin in zaɓi labari: ko an yi wa wani rasuwa kwanan nan a ajin. Malamin aji nake tambaya a keɓe. Idan akwai, nakan ɗage labarin zuwa wani zango in kawo wani abu daban a makonnin.